Neman Bashari a Tsamiya Uku

Tun ranar da na dawo daga Nijar bakina bai huta ba. A wurin aiki a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kayan miyan da nake ciniki wurinsa a kasuwar Dutsin-Ma sai da ya ce, "Malama Rakiya, an ce kin ƙetare boda, ya ƙasar take?" Kowa in ba shi guntu, gobe wani ya zo ya ce ba haka aka faɗa masa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi tun daga tushe, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti ta wajen Dabawa. Aikina rigakafi, awon ciki, da bin masu tarin fuka su sha magani. Ba yawon buɗe ido ya kai ni Nijar ba, ƙanena Bashari na je nema.

Bashari tela ne a Dutsin-Ma. Bara da kaka tari ya kama shi ya ƙi saki, na matsa masa aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Ya fara shan magani, amma magana ta riga ta fita. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Surukinsa, Malam Habu na Kurfi, ya aiko aka tafi da matarsa Zulai da yara biyu, wai sai ya warke. Daga nan Bashari ya daina fita, ya daina magana, ya wuni kwance yana kallon rufin ɗaki. Wata biyu da fara magani ya ajiye shi. Na yi faɗa, na yi zagi, na ce masa wanda ya katse maganin nan ciwon kan dawo da ƙarfin da ba ya jin magani. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ran nan aka wayi gari babu shi. Sai bayan sati uku Gwaggo Hanne, ƙanwar babanmu da ke aure a wani ƙauye bayan Maraɗi, ta sa aka bugo waya cewa yana wurinta. Na ɗauki hutu, na ce ko a ɗaure sai na dawo da shi.

Maigidana ba zai samu zuwa ba, sai ya haɗa ni da Kawu Isiya, yayan mahaifiyarmu, wanda ya yi fataucin hatsi a hanyar nan tun ban san kaina ba. Kawu ya ce kada in damu da komai, shi har Faransanci yana ji.

Muka shiga mota a tashar Dutsin-Ma da hantsi. Ba mu kai Kurfi ba taya ta fashe, ita ma safayar da aka ciro ba iska. Muka zauna gindin wata ƙirya direba ya hau mashin da tayoyi biyu ya shiga gari. Daga inda nake zaune ina hango hanyar da ke shiga unguwar su Zulai. Kawu ya ce, "Mu leƙa mu gaida Malam Habu mana, ai ba nisa." Na ce a'a, ba ni da abin da zan ce wa mutumin da ya kwashe 'yarsa ya bar ƙanena shi kaɗai. Kawu ya gyara hularsa.

Azahar a Katsina ta same mu, muka canza mota zuwa Jibiya. Shingayen da ke hanyar nan ban iya ƙirga su ba, kowanne a tsaya, a leƙo, a gaisa da direba, a wuce. A boda aka sauke mu duka aka ce kowa ya fito da katinsa. Wani jandarma dogo ya karɓi na Kawu ya yi masa wata doguwar magana da Faransanci. Kawu ya ce, "Wi." Ya sake wata, Kawu ya ce, "Wi, wi." Sai jandarman ya fashe da dariya ya juya Hausa, ya ce, "Baba, tambayarka na yi ko kana ɗauke da bindiga, ka ce e. Na ce guda nawa, ka ce e, e." Duk layin aka kwashe da dariya. Kawu ya ce ai Faransancin ne aka canza, a zamaninsu ba haka yake ba.

Da ya zo kaina ya ga katin aikina, sai ya sassauta murya ya ja ni gefe. Na ɗauka wani laifin ne. Ashe wuyansa zai nuna mini, wasu ƙuraje da suka dame shi. Na duba na ce makero ne, na faɗa masa sunan man da zai nema, kuma kada ya yi tarayyar tawul da kowa. Ya yi ta godiya, ya sa aka ba mu gaban mota har Maraɗi. Wata mata kuma ta duba katin rigakafinmu, ta haska mana na'urar auna zafin jiki a goshi. Nan na ji daɗi na zo da nawa, don wasu samari biyu a gabanmu aka tsayar.

A Maraɗi muka sauka gidan Alhaji Mamman, tsohon abokin fataucin Kawu. Matarsa ta shimfiɗa mini a ɗakinta. Hausarsu kusan tamu ce ta Katsina, sai dai ta fi tamu nauyi, komai "lahiya lau", komai "tahi ki dawo". Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, bayansa tauri cikinsa taushi, na rasa ta inda zan kama shi. Aka kawo kwaɗon zogale da garin rogo, su kopto suke ce masa, ya sha ƙuli da albasa. Shayi kuwa ba irin namu na babban kofi da madara ba ne. Ɗan ƙaramin gilashi ne kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na yi hamdala na miƙe, sai uwar gida ta ce, "Ina za ki? Ai na hwarko ke nan, saura biyu." Na biyun ya fi sauƙi, na ukun zaƙi zalla. Sai da muka cika uku aka sallame mu.

Ƙauyen Gwaggo, Tsamiya Uku, mota ba ta kai wa da damina. Inda ta ajiye mu muka hau amalanken shanu. A tsakiyar wani kwari ƙafa ɗaya ta nutse a laka, kowa ya sauka ya tura, takalmina ɗaya ya tafi bai dawo ba. Da takalmi ɗaya na shiga garin mijin Gwaggo.

Gwaggo ta rungume ni tana kuka. Na ce, "Gwaggo, ina yake?" Ta ce, "Shina likita." Na ce wane likita, sunansa wa? Ta ce, "Likita dai, can bayan masallaci." Muka yi ta juya magana kafin Kawu ya fahimtar da ni cewa a can asibitin kansa ake kira likita, shi kuma babban ma'aikacin wurin majo ake ce masa. A nan dai ilimin Kawu ya yi rana.

Na ari silifas na nufi wurin da faɗa cike da bakina. Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa, bai kai namu girma ba, kayan aikinmu ma sun fi nasu. Tun daga nesa na ji ƙarar keken ɗinki. A ƙarƙashin rumfar zana, a fili inda iska ke kaɗawa, ga Bashari zaune yana taka keke, da takunkumi a fuskarsa. Ya rame har yanzu, amma bayansa a miƙe yake. Da ya gan ni ya tsayar da keken ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Ina takalminki?" Wata huɗu rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka. Faɗan da na ɗauko tun daga Dutsin-Ma ya bi iska, na zauna kan benci ina share hawaye.

Majon sunansa Isuhu, ɗan siriri mai tabarau, ba zai wuce shekara arba'in ba. Da ya ji aikinmu ɗaya ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni labarin yadda aka yi. Gwaggo ba asibiti ta fara kai Bashari ba, wurin limamin gari ta kai shi a yi masa addu'a, don ta ɗauka iska ce. Liman ya yi masa addu'ar, ya ba shi rubutu, sannan ya ce tarin nan ya wuce sati biyu? Aka ce ya wuce. Ya saka takalminsa ya rako shi da ƙafarsa har wurin majo. Na ce, "Liman da kansa?" Majo ya ce, "Malama, mun zauna da su tun da daɗewa, da malamai da wanzamai da masu maganin gargajiya. Ba mu hana kowa aikinshi ba. Mun dai roƙe su abu biyu: mai tari da ya daɗe, da wanda hankalinshi ya gushe ko ya daina magana da mutane, in sun gama nasu su turo muna." Ya ce ya aika kakin Bashari birni a kan mashin, aka duba ko ciwon ya daina jin magani, Allah ya taimaka bai kai nan ba, aka sake ɗora shi daga farko.

Kwana huɗu na yi a garin, kullum da sassafe ina rumfar nan. Masu shan maganin tari su shida ne, kuma ba a ba kowa ya tafi da shi gida. Wata tsohuwa, Inna Tsahara, ita ke riƙe da ƙwayoyin. Ba ta yi boko ba, ita ma ciwon ta yi ta warke shekarun baya, ta ce tun da Allah ya bar ta to wannan ne aikinta. Kowa ya zo ta zuba masa a hannu, ya haɗiye a gabanta, ta zaunar da shi su yi hira, can an jima ta ɗebo kunu. Wanda bai zo ba kafin rana ta ɗaga, ta ɗauki sandarta ta bi shi har gona. Ban ji ta ɗaga wa kowa murya ba. Wani dattijo ya ce maganin na sa shi jiri ya gaji, ta ce, "Ni ma ya sa ni, Malam, har na ƙi jinin ganin shi. Zamna ka ba ni labarin jikanka." Yana cikin labarin jikan ya haɗiye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da Bashari ya sha kunu ya rage, Inna Tsahara ta karɓi kofin ta ɗauraye, ta zuba nata ta sha a gaban kowa. Ta lura ina kallonta ta ce, "Ɗiyata, ke da kika yi karatu ai kin sani, a iska yake bi, ba a kwano ba." Na sani mana. Ni nake faɗa wa matan Dabawa haka a ranar awo. Amma a gidanmu ni da hannuna na ware wa Bashari kwano da kofi, na ɗaura musu jan zare. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar Alhamis bayan la'asar suna da wani zama a gindin tsamiya. Ba na masu tari kaɗai ba ne, duk wanda zuciyarsa ta yi nauyi yana zuwa, maza gefe mata gefe, liman ya buɗe da addu'a, majo ya zauna a ƙasa kamar kowa. A wurinmu irin wannan magana a ɗaki ake rufe ta, in ta fito a ce wane ya taɓu, a daina neman auren 'ya'yan gidan. A can na ga wata mata da ta rasa 'ya'ya biyu a shekara ɗaya ta ce ita har yanzu ba ta iya barci, wata ta ce ita ma haka ta yi, ga abin da ya taimake ta. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri kawai a wuce wurin. Aka bar ta ta gama.

Akwai wani mutum, Ɗan Jimma, da ke ba lambun zogalen asibitin ruwa. Shi ya raka ni na ga rijiyarsu, muna tafe yana ba ni labarin irin zogalen da ya fi yin ganye. Da muka dawo ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo zagaye da idon sawunsa. Ya ce shekara uku ya yi a mari a bayan gidansu. Yanzu wata ma'aikaciyar masu taɓin hankali na zuwa daga birni sau ɗaya a wata, ta duba shi ta yi masa allura, ta ga duk wanda majo ya tara mata. Ya ce, "Ni nika tuna ma majo ranar zuwanta, shi mantuwa gare shi." Ita ce ta zauna da Bashari, ta ce ciwon damuwa ne ya hau kan tarin, kuma shi ma ciwo ne mai magani.

A wurin zaman nan Bashari ya yi magana, ina daga gefen mata ina ji. Ya ce kafin ya baro gida sau biyu yana zuwa bakin dam ya tsaya yana kallon ruwa, tunanin 'ya'yansa ne ya dawo da shi. Ban taɓa sani ba. Bayan an tashi na same shi na ce, "Bashari, me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Yaya, ba ki taɓa fashin kawo mini magani ba, Allah ya saka miki. Amma daga bakin ƙofa kike miƙo shi. Ba ki taɓa shigowa kin zauna ba." Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa ta fi shiga ta. Na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, ya ja benci muka zauna har aka kira magariba.

Washegari na kawo maganar komawa gida. Majo ya ce zai iya rubuta takarda mu ci gaba a asibitinmu, ba matsala, amma a tambayi mai ciwon. Bashari ya ce in an bar shi, ya fi so ya ƙarasa watanninsa shida na shan magani a nan. Keken da yake takawa na wani mamaci ne da iyalansa suka ba da aro, takunkumi yake ɗinka wa asibiti, mutanen gari kuma sun fara kawo masa riguna. Na dubi Kawu, Kawu ya ce, "Rakiya, shukar da ta kama ba a tuge ta." Na haƙura.

Muna sallama majo ya tambaye ni, kamar abin da ba sai an tambaya ba, "Matarshi da yaran, an gwada su ko?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da baƙo ne, ranar da aka gano ciwon zan bi gidansa in tattara kowa. Amma fushin da nake yi da Malam Habu ya sa wata da watanni ban taka gidan ba. Majo ya cire tabarau yana gogewa ya ce, "To, ki hwara da nan."

Dawowa ba ta yi wuya ba. Gwaggo ta cika mana buhu da busasshen zogale da cuku, jandarman nan ya gane ni ya nuna mini wuyansa ya fara warkewa. Da motar Katsina ta iso Kurfi na ce direba ya tsaya. Kawu ya sauko tare da ni ba tare da na roƙe shi ba.

Mun sami Malam Habu a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin duk abin da na gani, har da limamin da ya raka Bashari da ƙafarsa. Ya ce shi ba ƙin yaron yake ba, tsoro ya ji wa jikokinsa. Na ce, "Malam, tsoron nan ne ya kawo ni. In sun ɗauka, tun kafin su baro Dutsin-Ma suka ɗauka, nisa ba zai cire shi ba." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya aika a kira Zulai. Ta fito riƙe da Ummi, 'yarsu mai shekara biyar. Na dubi yarinyar. Wuyanta ya zama kamar zare, Zulai ta ce kullum da zazzaɓi take kwana, abinci sai an yi da gaske, sun ɗauka shawara ce suna ta ba ta jiƙo.

Washegari Malam Habu da kansa ya shiga mota da mu zuwa babban asibiti. Zulai da ɗaya yaron ba su da komai, aka dai ba yaron maganin kariya. Ummi kuwa hoton ƙirji ya nuna. Likitan ya ce an zo a kan lokaci. A ranar aka fara mata magani, ni kuma na nemi izinin maigidana na kwashe sati guda a Kurfi, kullum da safe in ɗora ta a cinya ta sha, mu yi wasan 'yar tsana. Juma'ar da ta biyo baya, an ce mini, Malam Habu ya tashi bayan salla ya ce jikarsa na da tarin fuka kuma tana shan magani, duk mai tarin da ya wuce sati biyu ya zo shi zai raka shi. Mutum uku suka same shi a zaure kafin la'asar.

A wurin aikina na roƙi wata baiwar Allah da ta warke a hannunmu, ta yarda tana zuwa da safe ta zauna da masu shan magani. Zaman Alhamis kuwa mun gwada sau uku. Na farko mutum biyu suka zo, ba wanda ya ce uffan, muka sha zoɓo muka watse. Na ukun mun kai bakwai.

Bashari saura wata biyu ya gama. Suna waya da Zulai duk ranar kasuwar Tsamiya Uku, lokacin da ake samun mai hawa tudu da waya. Da ya ji labarin Ummi ya yi kuka, ya ce a auno masa tsawonta da faɗinta. Zulai ta auna da igiya ta ƙulla, aka ba direban Maraɗi. Saƙo ya yi sati shida kafin ya je ya dawo, riga shuɗiya ɗinkin Bashari da aiki a wuya. Ina gidan aka kwance ƙullin. Zulai ta zura mata ta kai, ta ja, ta sake ja, rigar ta tsaya a kafaɗa ta ƙi sauka. Ummi ta yi ƙiba. Tana ta kuka ita sai ta sa rigar Babanta, mu kuwa muna ta dariya, Malam Habu daga zaure yana tambaya lafiya, me ya faru.